Dodo: wane ne shi, kuma wa ake kira da sunansa?

Mene ne dodo?

Mummunar halitta ce mai ban tsoro, wadda ba mutum ba, ba kuma dabbar da aka sani ba. Jam'insa dodanni, matarsa dodanniya. A tatsuniya yana zaune a tafki ko ƙurmi, ga gashi buzu-buzu, ga ciki kamar rumbu, ya haɗiye mutane da shanunsu, sai an farke cikinsa su fito da rai. Amma ƙarfinsa ya fi wayonsa, shi ya sa Gizo ke yi masa wasa da hankali.

Shi ne aljani?

A'a. Aljani halittar Allah ce da aka yi da wuta, Alƙur'ani ya ambace shi. Fatalwa ta mamaci ce, maye kuwa mutum ne da ake zargi da kama kurwa. Dodo dai na tatsuniya ne da na tsafi. A Kudancin Kaduna da Filato, mai fitowa biki a lulluɓe da ganye ko ciyawa, da Hausa dodo ake ce masa. Daga tsafin ne aka samo "dodo ɗaya suke yi wa tsafi", wato bakinsu ɗaya a ɓoye.

To dodon koɗi da dodon kunne fa?

Ba mai gudunsu. Dukansu suna can cikin rami ne a ɓoye, ɗaya a ƙoƙon bayansa, ɗaya a kunne.

Zagi ne a ce wa mutum dodo?

Ya danganta da wanda aka faɗa wa. Maroƙi ya ce wa sarki ko ɗan dambe "dodon maza", kirari ne, har kyauta za ta biyo baya. Ɗalibi ya ce lissafi ya zame masa dodo, tsoro yake nufi. Uwa ta ce wa yaro "ga dodo nan", so take ya bar kuka ya kwanta.

Inda abin ya munana shi ne a haifi jariri da tawaya, unguwa ta ɗauka wai "ta haifi dodo", a cika gida da kallo, wasu har da ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Wannan ɗan Adam ne, likita yake buƙata, uwarsa kuma tana jin duk abin da ake faɗa a tsakar gida.