Faransanci, Jamusanci da Sifaniyanci a A-level: abin da iyaye a Ingila ke tambaya

A Ingila, yaro yakan rubuta jarrabawar GCSE yana ɗan shekara 16, sannan ya shiga shekaru biyu na ƙarshe na sakandare, inda zai zaɓi darussa uku ko huɗu kawai don jarrabawar A-level. Da yake guraben ba su da yawa, iyaye kan yi jinkiri kafin su bar yaro ya ba harshen waje gurbi ɗaya.

Me ake karantawa a ciki?

Ba hadda ba ce. A tsarin AQA, ɗaya daga cikin hukumomin shirya jarrabawa a Ingila, rabin maki na sauraro ne da karatu da fassara. Kashi 20 cikin 100 na rubutu ne a kan littafi da fim, ko littattafai biyu, kuma da harshen ake rubutawa. Sauran kashi 30 na magana ne baki da baki. A nan ne ɗalibi zai zaɓi batu da kansa, ya yi bincike a kai, ya gabatar, sannan ya amsa tambayoyin mai jarrabawa. Ana kuma tattauna siyasa da ƙaura da tarihi, kamar haɗewar Jamus a 1990 ko mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifaniya. Wannan ɓangare na magana shi na fi ƙauna, domin yaro mai jin kunya yakan fito daga ciki ya iya tsayawa ya kare ra'ayinsa a gaban babba.

Ɗana ya ci GCSE da kyau, ai ba zai sha wuya ba?

Zai sha, musamman a watannin farko. A GCSE yaro kan iya tsira da jimlolin da ya haddace game da gidansu da hutunsa, amma a nan nahawu ne zalla, kuma babu wurin ɓuya. Wanda yake sauraron rediyo ko kallon labarai da harshen kullum, ko na minti 15 ne, yakan sami sauƙi. Wanda ya bari sai jarrabawa ta matso, shi kam sai Allah.

To, wanne ya fi?

Sifaniyanci ya fi farin jini yanzu: tun 2019 ya wuce Faransanci a yawan masu rubuta A-level. Yadda ake rubuta shi haka ake furta shi, ga shi ana magana da shi daga Meksiko har Ajantina, har da Ikwatoriyal Gini a Afirka.

Jamusanci ne ya fi ja baya, har wasu makarantu sun daina koyar da shi saboda ƙarancin ɗalibai. Abin yana damuna. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗan kuɗin zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana cajin ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba yuro 1,500 a zango. Yaro mai son aikin injiniya zai amfana da Jamusanci ƙwarai.

Faransanci kuwa, ga iyalin da ke da dangi a Maradi ko Garwa ko Anjamena, ba sai an yi dogon bayani ba. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar Sifaniyanci.

Amma in yaro ya riga ya yi ɗaya a GCSE kuma yana jin daɗinsa, a bar shi da shi. Mafi yawan makarantu ma ba sa yarda a fara sabon harshe daga A-level.

Me ya sa ɗalibai suka yi ƙaranci?

A 2004 gwamnati ta cire wajabcin koyon harshen waje bayan shekara 14, sai masu rubuta GCSE suka ragu sosai, A-level ma ya bi sahu. Akwai kuma ƙorafin da malamai suka daɗe suna yi cewa maki na da tsauri. A 2019 hukumar Ofqual, mai sa ido kan jarrabawa a Ingila, ta amince ta sassauta ma'aunin makin Faransanci da Jamusanci a GCSE.

Idan likita ko lauya yake son zama fa?

Karatun likita yakan buƙaci kimiyyar sinadarai da ta halittu, to gurbi na uku ne ya rage, kuma jami'o'i da dama suna karɓar harshe a wannan gurbi. A duba sharuɗɗan kowace jami'a tun kafin a cike takardar zaɓi. Lauya kuwa ba a ɗaure shi da wasu darussa ba, akwai ma digirin da ke haɗa shari'ar Ingila da ta Faransa ko ta Jamus, inda ɗalibi zai yi shekara ɗaya ko biyu yana karatu a can.