Rage radiyeshon ba ya ɓata hoton kogon hancin yaro

An daɗe ana ɗauka, har a cikin wasu ma'aikatan asibiti, cewa in aka rage ƙarfin radiyeshon na na'urar CT, wato hasken da wannan na'ura ke ratsa jiki da shi don ɗaukar hoton cikinsa, hoton kogon hancin yaro zai dushe. Ba haka abin yake ba. Kogon hanci iska ce da ƙashi ya kewaye, kuma su biyun suna fitowa ƙuru-ƙuru a hoto ko da an rage ƙarfin sosai.

Abin da ke damuna shi ne a ɗora wa yaro ma'aunin radiyeshon na babban mutum. Jikinsa yana kan girma, ƙwayoyin halittar jikinsa sun fi saurin cutuwa da radiyeshon, ga idanu daf da wurin. Tun 2013 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kumburin kogon hanci wanda bai rikice ba ma bai buƙatar hoto.