Tsoma kek a shayi: laifi ne ko ba laifi ba ne?

Da hunturu ya kankama a Sakkwato, teburin mai shayi ba ya rabo da mutane tun daga idar da sallar asuba. Kowa na yagar burodi yana tsomawa, ba mai ɗaga ido ya dubi wani. Amma wani ya ciro ragowar kek ɗin biki ya tsoma, sai ka ji an fara gardama. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Akwai laifi a tsoma kek cikin shayi?

Babu. Addini bai hana ba, al'ada ma ba ta hana ba. Jiƙa busasshen abinci da ruwa-ruwa tsohon abu ne a wurinmu: ƙosai a koko, gurasa a romo, burodi a shayi. Larabawa na da saridu, wato gurasar da aka jiƙa da romon nama, kuma an yabe shi a hadisi ingantacce. A Indiya da Pakistan har kek ake gasawa sau biyu musamman don a tsoma shi a shayi mai madara. Abin dubawa kawai shi ne wane irin kek ne, yaya aka tsoma shi, kuma a gaban wa.

Me ya sa burodi ke jurewa, kek kuwa sai ya dagargaje?

Daga kwaɓi abin yake. Burodi ana murza ƙullunsa ne sosai har danƙon fulawa ya fito, ya zama kamar raga mai riƙe komai. Ko ya sha ruwa, ragar tana nan. Kek kuwa wannan danƙon ake gudu, shi ya sa mai yin kek ba ta yawan juyawa bayan ta zuba fulawa, don kada ya yi tauri. Abin da ke riƙe da jikinsa ƙwai ne da fulawa, ga shi cike da sukari da bota, kuma waɗannan biyun ba sa shiri da ruwan zafi. Sukari narkewa yake yi nan take. Bota tana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, alhali ruwan mai shayi daga tafasa yake fitowa.

Sannan cikin kek cike yake da ƙananan ƙofofin iska. Su ke zuƙo shayi zuwa sama, kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir a fitila. Don haka ko kan kek ɗin kaɗai ka tsoma, jiƙar tana ci gaba da hawa bayan ka ɗago. A nan mutane ke shan mamaki: ka ɗago shi lafiya, kafin ya kai baki ya karye ya faɗa kofi. Wani masanin kimiyya a Jami'ar Biristol ta Ingila, Len Fisher, ya bincika wannan a kan biskit a 1998, ya nuna cewa in an tsoma a kwance, gefe ɗaya ya jiƙe ɗaya ya zauna a bushe, busasshen gefen yana tallafe jiƙaƙƙen. Dabarar tana aiki a kek ma.

Wane kek ne ya dace?

Mai nauyi, mai matsattsen ciki, wanda aka yi da fulawa da sukari da bota da ƙwai kusan awo ɗaya, misali giram 250 kowanne. Ƙananan nan da ake gasawa a gwangwani don biki da sallah suna da kyau, saboda ɓawonsu ya zagaye su. Wanda ya kwana ɗaya ko biyu ya fi wanda aka sauke yanzu.

Wanda bai dace ba shi ne mai laushi kamar soso, wanda ƙwai aka buga ya yi kumfa ya tashe shi. Daƙiƙa ɗaya ta ishe shi ya zama kunu. Haka mai kwalliyar sukari ko kirim a kai: kwalliyar za ta narke, maiƙo ya taso saman shayi, zaƙin ya yi yawa har ya gundure ka. Wannan a ci shi a faranti, a kurɓi shayi a kai.

Yaya ake tsomawa ba a ɓata shayin ba?

Yanka kek ɗin tsaye-tsaye, kaurin yatsa biyu, ka bar ɓawon a jiki. Bar shayin ya sha iska minti 4 ko 5, ko mai shayi ya sheƙa maka shi tsakanin kofi biyu har tururin ya ragu. Karkata kofin kaɗan, ka tsoma loma ɗaya kacal, a kwance, ka ƙirga ɗaya ka ɗago. Juya shi jiƙaƙƙen gefen ya koma sama, ka sunkuyo da baki kusa da kofi. Kada ka tsoma sau biyu a wuri ɗaya. In kuwa ya faɗa ciki, sa cokali ka kwashe nan take. In ka bari, zai kwanta a ƙasa ya zama laka.

A rage sukarin shayin. Kek ya riga ya zo da nasa, in kuma an haɗa da Milo ko Bournvita da madarar gwangwani, zaƙi ya taru kashi uku a kofi ɗaya. Mai ciwon sukari ya kula da wannan ƙwarai.

A gaban baƙi ko surukai fa?

A nan ne kunya ke shigowa. A gidanka, ko a bencin mai shayi, ba mai ce maka don me. Amma a gidan surukai, ko wurin walima, ko gaban malaminka, ya fi kyau ka gutsuri kek ka kurɓi shayi. Ba don tsomawar haramun ce ba, sai don abin da ke biyo bayanta: ɗiga a gaban riga, yatsu sharkaf, da bin ɓurɓushi da cokali. In mai gida ya fara tsomawa, to ya buɗe maka hanya.

Abu ɗaya ne ba sassauci a kansa: kada ka tsoma abin da ka gatsa a kofin da wani zai sha. Yara masu raba kofi ɗaya a zuba wa kowa nasa.

Shayin Buzaye kuma?

A'a. Wannan da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, a zuba a ɗan finjali da kumfarsa, kurɓa uku ne ya ƙare. Kek zai shanye rabinsa ya kashe kumfar. Tsomi na shayi mai madara ne a babban kofi.

Kek ya bushe ƙamas, a zubar?

In bushewa ce kawai, kada a zubar. Iskar hunturu tana busar da shi cikin kwana ɗaya in ba a rufe ba, kuma a lokacin ya fi daɗin tsomi. Ana iya ƙarasa shi ma: a yanka sala-sala, kaurin yatsa ɗaya, a jera a tire, a gasa a wuta kaɗan, wajen digiri 150, minti 10 a juya, a ƙara minti 10. Mai gashi da tukunya da yashi ta rage garwashi ta riƙa leƙawa. In ya huce sarai a zuba a mazubi mai murfi. Irin wannan yana jure daƙiƙa 2 zuwa 3 a shayi.

Amma da damina a duba da kyau. In an ga fumfuna ko ɗigon kore, ko an ji warin tsami, a zubar da shi duka. Yanke wurin ba ya wadatarwa, zafin shayi kuma ba ya kashe gubar.