Dan Allah kar a yi mata wanka tukuna

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a aikin nan namu na asibiti shi ne a kawo mana yarinyar da aka yi wa fyaɗe bayan kwana biyar ko sati, an riga an gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, an wanke zani da ɗan kamfai ko ma an ƙone su, sai kuma a ce likita ya rubuta rahoton da za a kai kotu. To me ya rage? Ban ga laifin uwa ba wallahi, tausayi ne, amma shaidar ta bi ruwan wanka.

Iyaye mata, in abin ya faru a kawo ta yadda take. Kayan jikinta a naɗe a takarda ko ambulan, ban da leda, saboda danshi na lalata shaida. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi kuma kwana 28 ake sha, na hana ɗaukar ciki kuwa cikin kwana 5 da faruwar abin ake shan sa. In ma an riga an yi wankan ku zo dai, akwai magani da allurai.

Binciken kansa ba abin tsoro ba ne, sai da yardarta ake komai, in ta ce a dakata an dakata. Ana duba wuya, damtse, cinya, baya, har ƙarƙashin farce don wata ta yakushi mutumin, a auna kowane ciwo a rubuta inda yake da girmansa, a goga auduga a ɗauki samfur a rufe a rattaba hannu.

Sai maganar da ke ɓata min rai, wai "ai ba a ga ciwo ba, ƙarya take". Mata da yawa ba a samun ko ƙwarzane a jikinsu, tsoro kan sandarar da mutum ya kasa ko motsi, balle in an nuna mata wuƙa. Gwajin budurci kuwa tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ya tabbatar da komai. Likita abin da idonsa ya gani yake rubutawa, hukunci na alƙali ne.

Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, Kaduna akwai Salama, Sakkwato akwai Nana Khadija. In sun yi muku nisa ku fara da asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.