Waiwaye: Dalmar da Ta Ƙi Fita Daga Ferobskait

Sunan ferobskait, wani sinadari da ake sa wa cikin na'urorin sola, ya samo asali ne daga wani dutse da Gustav Rose ya gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839, aka raɗa masa sunan Lev Perovski, wani masanin ma'adinai ɗan Rasha. Amma ferobskait ɗin da ake ta magana a kai yau a ɗakin gwaji ake haɗa shi, kuma dalma ce ƙashin bayansa.

A 2009 Tsutomu Miyasaka na Japan ya sa shi cikin na'urar sola, ya mai da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki. Yau an haura kashi 25, an kuma kai shi ga fitilun LED da na'urorin gano haske. Dalmar ce ke sa lantarki ya gudana ko da ƙirar tana da 'yan lahani.

Ga inda gizo ke saƙar. Shimfiɗar ferobskait da ke cikin faifan sola ba ta kai kaurin gashin kai ba, dalmar kaɗan ce, sai dai irin wadda ruwa ke narkarwa ce. Ƙanƙara ta fasa gilashin faifan, ruwan sama ya ratsa, baƙar shimfiɗar ta koma rawaya, guba ta tsiyaya cikin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutarwa, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Wannan ne ya hana ni sakin jiki da murnar da ake yi.

Don a cire dalmar, an fara gwada kuza a madadinta. A 2014 ayarin Henry Snaith na Oxford da na Mercouri Kanatzidis a Amurka suka samu kusan kashi 6, amma kuza na shan iska take lalacewa. A 2016 aka haɗa azurfa da wani ƙarfe mai suna bismut. Haɗin ya yi ƙarko, amma bai iya zuƙar haske sosai ba.

Da cirewa ta gagara, wasu suka koma ga killacewa. A 2020 masana a Amurka suka lulluɓe faifan da wani sinadari mai kama dalmar kafin ta zube. Dabara ce mai kyau, amma tana buƙatar a tattara tsofaffin faifai bayan sun gama aiki.

Dokar RoHS ta Tarayyar Turai, mai kula da sinadarai masu haɗari, ta taƙaita dalma a kashi 0.1 cikin ɗari a kayan lantarki. Ta ɗaga wa faifan sola ƙafa, ba ta ɗaga wa fitilu da allon talabijin ba.