Bambancin ƙwayoyin gado a kifayen gwajin gurɓatar ruwa

Kifayen gwaji ƙananan kifaye ne da ake kiwo a ɗakunan bincike domin auna ƙarfin gubar sinadaran da ke shiga ruwa. Wanda ya fi shahara shi ne kifin zebra, da masana ke kira Danio rerio, ɗan asalin rafuka da gonakin shinkafa na Indiya da Bangladesh. Akwai kuma medaka na Japan, da Pimephales promelas da aka fi aiki da shi a Amurka. A ƙa'ida mai lamba 203 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ana barin kifayen awa 96 cikin ruwan da aka zuba wa sinadari, ana ƙirga matattu, har a gano adadin sinadarin da ke kashe rabinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne asalin kifayen. Sanannun zuriyoyin zebra irin su AB, wadda ta fito daga Jami'ar Oregon, da Tübingen ta Jamus, daga 'yan tsirarun iyaye suka samo tushe, aka yi ta haɗa 'yan'uwa barbara shekara da shekaru. Saboda haka ƙwayoyin gadonsu ba su kai na kifayen rafi bambanta ba. Wannan na da amfaninsa, don sakamako yakan zo kusan iri ɗaya idan aka maimaita gwaji. Sai dai zuriyoyin ma sun sha bamban a tsakaninsu, ta yadda ɗakuna biyu kan gwada sinadari guda su samu alƙaluma dabam.

Wani abin ya fi wannan ɗaure kai. Zebra na rafi yana da wani gurbi a kromosom na 4 (kromosom shi ne ƙunshin ƙwayoyin gado) da ke tantance namiji da mace, amma AB da Tübingen sun rasa aikinsa a zaman kiwo. Ba ƙaramar magana ba ce ga gwajin da ke ƙirga maza da mata don gano sinadaran da ke dagula homon.

A can cikin ruwa kuwa, gado kan sauya da zama da guba. Kifin Fundulus heteroclitus na tashar ruwan New Bedford a Amurka, inda PCB, wani sinadarin masana'antu mai guba, ya yi katutu, yana jure gubar da za ta hallaka 'yan'uwansa na ruwa mai tsabta, sakamakon sauyi a ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da AHR, furotin ɗin da ke gane irin wannan guba a jiki.