Breve a kan robar kopoliyesta: tambayoyi da amsoshi kan fayyace abin da kake cewa naka ne

Ƙannenmu masu karatun kimiyyar sinadarai a Ngaundere da Marwa, da wasu 'yan'uwa masu sana'ar narka tsofaffin gorunan roba a nan Garwa, sun sha yi min tambayoyi kan yadda ake rubuta breve, wato takardar mallakar ƙirƙira, in abin da mutum ya haɗa roba ce irin ta poliyesta. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, kuma zan fi tsayawa a kan wurin da mutane suka fi faɗuwa.

Yaya, da farko dai mene ne kopoliyesta ɗin nan?

Gorar ruwan da kake saya a bakin titi, wadda daga baya iyayenmu mata ke zuba folere a ciki su sayar, robarta PET ce. Ana samun ta ne in an haɗa asid ɗin tereftalik da wani sinadari mai suna etilen gilikol, su yi ta ɗaurewa da juna su zama doguwar sarƙa. Wasu Turawan Birtaniya biyu, Whinfield da Dickson, su suka nemi breve a kanta a 1941 suna aiki da wani kamfani na Manchester, daga nan aka samu zaren Terylene da Dacron, gorar kuma sai a 1973 Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya samu breve ɗinta. To in aka cire wani kaso na asid ɗin ko na gilikol ɗin aka sa wani sinadari daban a madadinsa, shi ne kopoliyesta. Ko robar gora ma galibi akwai ɗan asid ɗin isoftalik a ciki, kaɗan ne, don kada ta yi hazo-hazo lokacin hurawa. In kuma aka sa wani mai suna CHDM wajen kashi 30 na gilikol sai a samu PETG, mai haske garau. Kaga kenan abu ɗaya ake ta juyawa, bambancin duk a lissafin kaso yake, shi ya sa rigimar rubutu ta fi yawa a wannan fanni.

Me ake nufi da cewa revandikasiyon ya zama a fayyace?

Breve kashi biyu ne, akwai dogon bayani inda kake faɗin yadda ka yi abin, sannan a ƙarshe akwai jimloli masu lamba 1, 2, 3, su ne revandikasiyon, kuma su ne doka ke karewa. Kamar iyakar gona ce, maƙwabcinka dole ya iya ganin inda taka ta tsaya kafin ya sa garma. Dokar breve ta Turai a sashe na 84 ta ce su zama a fayyace, a taƙaice, kuma bayanin ya goyi bayansu. Yarjejeniyar PCT ta ƙasa da ƙasa ma haka ta ce a sashe na 6. A Amurka kotun ƙoli a 2014, a shari'ar Nautilus da Biosig, ta ce dole masanin fannin ya iya gane faɗin abin da aka kare da tabbaci gwargwadon hankali. Mu kuma a Kamaru da Chadi da Nijar ofishinmu na breve shi ne OAPI da ke Yaounde, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977 wadda aka yi wa gyara a 1999 da 2015, ƙasashe 17 breve ɗaya na shekara 20.

Ni dai ina goyon bayan wannan tsaurin ɗari bisa ɗari. Mutum zai hana kowa yin abu shekara 20 a ƙasashe 17, ai mafi ƙarancin abin da ake binsa shi ne ya faɗa a fili mene ne ya hana.

In na rubuta "kashi 30 cikin 100 na CHDM", ai magana ta fito, me ya rage?

Ɗan'uwa nan fa ake zubewa, kuma bari mu zauna mu yi lissafin tare don ka gani da idonka. Kashi 30 na me? Na nauyi ko na mol, wato ma'aunin da ke ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari ba nauyinsu ba? Kuma cikin me, cikin gilikol kaɗai ko cikin dukkan sinadaran?

Mol ɗaya na etilen gilikol giram 62 ne, na CHDM kuma giram 144. In nufinka kashi 30 na mol a cikin gilikol, wato mol 30 na CHDM da mol 70 na etilen gilikol, to a sikeli giram 4320 ne da giram 4340, kusan rabi da rabi kenan a nauyi. In kuma nufinka kashi 30 na nauyi ne, giram 30 da giram 70, ka raba kowanne da nauyin mol ɗinsa za ka tarar CHDM bai kai kashi 16 na mol ba. Sannan ga ta uku, masu wannan fanni da yawa suna ƙirga asid a matsayin 100 gilikol ma 100, wasu kuma su haɗa duka biyun su zama 100, to in a tsari na biyu ka rubuta 30 ɗinka, ya zama kashi 60 na gilikol kenan. Jimla ɗaya, amma tana iya nufin 16 ko 30 ko 60, kuma waɗannan robobi uku ne daban-daban wallahi, ta 30 PETG ce, ta 60 ta shiga ajin da ake kira PCTG, halinsu a wuta da a injin ba ɗaya ba. Wanda yake da masana'anta a Douala yana son ya san ko ya taka maka haƙƙi, wanne zai ɗauka?

Akwai kuma wani ƙaramin tarko. Abin da ka zuba a tukunya ba shi ne abin da ya zauna a sarƙar ba, don etilen gilikol ana zuba shi fiye da kima ne a janye ragowar daga baya, kuma wani ɓangarensa yana rikiɗewa ya zama diyetilen gilikol ya shige cikin sarƙar ba tare da ka gayyace shi ba. Saboda haka ka faɗa ko kason na abin da aka zuba ne ko na abin da aka auna a robar bayan ta kammala, da na'urar NMR misali.

Me ya sa ake cewa lissafin ya cika 100?

Wannan mai sauƙi ne. A ce kana da sinadarai uku, ka rubuta kason A daga 60 zuwa 90, B daga 20 zuwa 50, C daga 5 zuwa 10. In A ya kai 90, mafi ƙarancin B da C 25 ne, jimla 115, babu wannan haɗin a duniya. Masu bincike a ofishin Turai da ke Munich sun daɗe suna dawo da irin wannan. Ka zauna da biro ka gwada kowane gefe kafin ka miƙa.

Batun aune-aune fa, irin su kauri da zafin narkewa? Na ga ana cika takarda da su.

Ana cika ta kam, kuma lamba ba tare da hanyar aunawa ba kusan ba ta da amfani. Ɗauki IV, wato ma'aunin kaurin robar in an narkar da ita a ruwan sinadari, wanda ke nuna tsawon sarƙa. Robar gora tana kaiwa wajen 0.8. Amma a wane ruwa aka narkar, a wane zafi? Tsarin aunawa mai suna ASTM D4603 yana amfani da fenol da tetrakloroetan, 60 da 40, a digiri 30, wasu kamfanoni kuma a digiri 25 suke yi, wasu da wani ruwan daban, kuma lambar na motsawa. In iyakarka 0.75 ce, wani ya auna ya samu 0.74 wani ya samu 0.77, kaga an shiga shari'a kenan.

Haka zafin da roba ke fara laushi, wanda ake rubutawa Tg. Na PET yana tsakanin digiri 70 da 80, shi ya sa in aka zuba kunu da zafinsa a gorar ruwa za ka ga ta lanƙwashe, wuyan ya karkace, gindin ya kumbura ta ƙi tsayuwa. Ana auna shi da na'urar DSC, amma sakamakon ya danganta da saurin ɗumamawa, digiri 10 a minti ko 20, da kuma ko a ɗumamawar farko aka karanta ko ta biyu, tunda ta farko tana ɗauke da tarihin yadda aka sarrafa robar.

Kuma kada a ce tsoratarwa nake, an yi shari'a a kan poliyesta kanta. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta duba breve ɗin kamfanin Honeywell na zaren poliyesta da ake sawa cikin tayar mota. Sun kafa iyakarsu a kan yawan ƙaruwar zafin narkewa, amma akwai hanyoyi huɗu na shirya zaren kafin a sa shi a na'ura, sakamakon yana bambanta gwargwadon hanyar da aka bi, su kuma ba su ce ga wadda za a bi ba. Kotu ta ce revandikasiyon ɗin ba su tsayu ba. Babban kamfani fa, da lauyoyinsa da komai.

Nauyin sarƙa ma haka. A 2015 wannan kotun ta soke wasu revandikasiyon na kamfanin Teva a kan maganin Copaxone, shi ba poliyesta ba ne amma kopolima ne, wato shi ma sarƙar sinadarai daban-daban ce, don sun rubuta nauyin molekil kawai ba su ce wane irin matsakaici ba. A poliyesta matsakaicin da ake lissafawa bisa nauyi, Mw, yakan kai kusan ninki biyu na wanda ake lissafawa bisa yawan sarƙoƙi, Mn, roba ɗaya za ka iya ce mata 20,000 ko 40,000 kuma duk gaskiya ka faɗa.

Kalmomi irin su "mai haske sosai", "kusan", "mai ruɓewa a ƙasa" fa?

"Mai haske sosai" a wurin wa? Sa lamba, sa kaurin farantin da aka auna, sa tsarin aunawa. "Kusan 30" mai bincike zai tambaye ka ko 27 na ciki, gara ka rubuta daga kaza zuwa kaza. Sunan kaya na kamfani, irin Tritan na Eastman ko Ecoflex na BASF, shi ma kauce masa a revandikasiyon, don kamfani na iya canza haɗin gobe sunan yana nan.

"Mai ruɓewa" kuwa ta fi damuna, tunda Kamaru ta fara aiki da haramcin siraran ledojin da ba sa ruɓewa a 2014 kowa ya koma liƙa wannan kalma a kayansa. Akwai kopoliyesta masu ruɓewa da gaske, irin PBAT, amma ruɓewa a ina, a tulin takin masana'anta mai zafi ko a busasshiyar ƙasar Marwa, kuma cikin wata nawa? In za ka sa ta, ɗaura ta da tsari sananne kamar EN 13432.

Sai kuma "wanda ya ƙunshi" da "wanda aka yi da kaza da kaza kaɗai". Ta farko ƙofa a buɗe take, ana iya ƙara wasu abubuwa, ta biyu a rufe. Kada ka gauraya su a jimla ɗaya.

In mai bincike ya ce min revandikasiyon ɗina bai fito a fayyace ba, ba sai in gyara daga baya ba?

Za ka iya gyara, amma da abin da ke cikin takardar da ka miƙa ranar farko kaɗai. A Turai wannan doka tana da tsanani ƙwarai, ba a ƙara sabon abu bayan ranar miƙawa. To in ba ka rubuta ruwan da aka auna IV a ciki ba tun farko, ka shiga tsaka mai wuya, in ka bar shi a ce bai fito ba, in ka ƙara a ce ka kawo sabon abu. Shi ya sa nake ce wa ƙannena su zuba duk hanyoyin aunawa a cikin bayanin, har sunan tsarin da shekarar bugunsa, ko da suna ganin kowa ya sani.

Wani abin lura, a ofishin Turai rashin fayyacewa ba ya cikin dalilan da abokin hamayya zai kawo ya ƙalubalanci breve bayan an bayar, hukuncin G 3/14 na 2015 ya ce sai dai in gyaran da aka yi daga baya ne ya jawo matsalar. Amma fa kada ka yi murna, don masu ƙalubalen sukan juya maganar su ce bayanin bai isa a iya yin abin ba, wannan kuwa dalili ne na sokewa. A OAPI ma da can ba a yin binciken ƙwaƙwaf sosai, gyaran yarjejeniyar Bangui da aka yi a Bamako a 2015 ya kawo shi, kuma ko da an ba ka takarda kotun ƙasa tana iya soke ta.

Malam, breve ɗin OAPI zai kare ni in kayan sun tsallaka Yola ko Maiduguri?

A'a. Najeriya ba ta cikin OAPI, rajistarta daban a Abuja, kuma yarjejeniyar Paris ta ba ka wata 12 daga ranar miƙawar farko ka kai can da riƙe ranarka. Mu da kasuwarmu rabinta ke can wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma tunda za a juya takardar daga Faransanci zuwa Turanci, ka bi ta layi-layi da kanka ko da wakilin da OAPI ta amince da shi, ka tabbatar "kashi na mol" bai koma "kashi" kawai ba, waƙafin 0,75 na rubutun Faransanci ya koma ɗigo 0.75, kuma "wanda ya ƙunshi" bai rikiɗe ya zama rufaffe ba.